Ƙungiyar Masu Jiragen Ruwa a Ƙasar Makoɗa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Maganar yau a kan ruwa ta ke, da mutanen da su ke hawansa da ƙananan jirage. Mai yiwuwa ne wani ya yi mamaki, ya ce me ya haɗa ƙasar Makoɗa da zancen jirgi, alhali kuwa ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa, gona na jikin gona, mutum ba ya doguwar tafiya bai tarad da gida ba. Gaskiya ne, haka ta ke tun kaka da kakanni. Kogunan wannan yanki na damina ne, su kawo ruwa wata uku ko huɗu, da rani su koma rairayi, yara na wasa a ciki. Amma a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin datse koguna gadan-gadan. Aka yi Bagauda, aka yi Tiga, sa'an nan irin su Tomas da Gari da Watari su ka biyo baya. Madatsar Tomas ita ce ta kawo babban ruwa a ƙofar mutanen Makoɗa da na Ɗambatta. Inda a dā a ke bi da jaki, yau sai da kwale-kwale.

To, a nan matsalar ta ke. A Yawuri ko Argungu, yaro ya kan buɗe ido ya ga ubansa a cikin jirgi. Akwai Sarkin Ruwa, akwai dattawan Sarkawa waɗanda su ka gaji sanin kogi, in sun ce yau ba a shiga, to, ba mai shiga. A ƙasar da ruwa ya zo mata da rana tsaka kuwa, sau da yawa ɗan manomi ne ya tara kuɗi ya sayi jirgi, ya koyi tuƙi da kansa, ya fara fito. Ba wanda ya ke bisansa a kan ruwa. Abin da gādo ya ba mutanen Yawuri, a nan tilas sai an gina shi da hannu, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce masu jiragen su haɗa kansu su yi ƙungiya ta sa kai.

Kada a ɗauka wannan zancen nishaɗi ne. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, wani jirgi ya taso daga Badau zai ƙetare ruwan Watari zuwa Bagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, za su wajen Maulidi. Jirgin ya kife. Cikin kwana ɗaya aka tsamo gawa 29, galibi yara. Hukuma ta ce lodi ne ya wuce kima. Bagwai kuwa ba wata ƙasa mai nisa ba ce, ruwanta ma madatsa ce irin ta Tomas, jiragenta irin waɗannan ne na katako. Abin da ya kamata kowane Hakimi ya tambayi kansa shi ne, a wannan yammaci, da akwai mutum ɗaya a bakin ruwa wanda ya ke da ikon cewa a sauke rabin mutanen nan, kuma a ji maganarsa?

A ƙasashen Turai masu ƙananan jirage sun daɗe da gane amfanin haɗa kai. A Ingila akwai mutane da yawa masu ƙananan jiragen da iska ke korawa, su na yawo da su daga wannan gaɓa zuwa waccan don sha'awa kurum. A 1908 waɗansunsu su ka kafa ƙungiya a London, mai suna Cruising Association, domin su riƙa gaya wa juna inda ya ke da kyaun sauka, da inda ke da hatsari, da wanda za a amince wa a kowace tasha. A Ikko ma akwai kulob na masu irin waɗannan jirage tun 1932. Wanda ya fi su duka suna shi ne RNLI, watau ƙungiyar ceton waɗanda hatsari ya rutsa da su a teku, wadda aka kafa a 1824. Yawancin masu fita ceton 'yan sa kai ne, masunta da 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma da sadakar jama'a a ke tafiyad da ita. Ta ceci rayuka fiye da 140,000. Mutumin Makoɗa ba don yawon sha'awa ya ke hawa ruwa ba, don abinci ne. Amma asalin abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Aikin gayya ne, sai dai shi wannan gayyar ba a tashi daga gare ta da la'asar.

Wurin da a kan fara kuskure shi ne wajen kafawa. In Hakimi ya kira masu jirage ya ce ga shugabanku, ga dokokinku, za su ce to, ranka ya daɗe, su watse, shi ke nan ba za a sake jin labarin ba. Ƙungiyar da aka ɗora wa mutane ba ta wuce ranar ɗaukar hoto. Abin da ya fi shi ne Hakimi ya sa Dagaci ya tara su, masu fito da masunta duka, a bar su su zaɓi nasu da kansu. Shi Hakimi uban ƙungiya ne. Ba ya zama a kowane taro, ba ya riƙe mata kuɗi, amma kowa ya san in ta yanke hukunci na gaskiya ya na bayanta. Shugabanni kuwa kada su yi yawa: shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da mutum ɗaya a kowace mashiga. Ƙungiya mai mutum talatin, masu muƙami ashirin, ba ta da mai kwarfe ruwa.

Sai zancen littafi, wanda shi ne ya fi shafar Malamai. Littafi na fari na jirage ne. A rubuta kowane jirgi, da sunan mai shi, da na matuƙinsa, da tsawonsa, da yawan mutanen da zai ɗauka, sa'an nan a ba shi lamba a rubuta ta da fenti a jikinsa, manya-manya. Na biyu na mashiga ne, inda mai tsaron mashiga zai riƙa sa alama: jirgi lamba kaza ya tashi da mutum kaza, ya nufi wuri kaza. Wannan ya na kama da wahalar banza, har ranar da jirgi bai iso ba. A yawancin haɗurran ruwa na ƙasar nan, har da wanda ya auku kusa da Warra a Jihar Kebbi cikin watan Mayu 2021, an sha jayayya a kan ko mutum nawa ne a ciki, domin ba wanda ya ƙidaya. Masu ninƙaya ba su san ranar da za su daina nema ba, iyaye kuma su na zaune a bakin ruwa. Magatakardan ƙungiya ba lalle ne ya iya boko ba, ajami ya isa. Aikin Malamin Hakimi shi ne ya zana masa layukan littafin tun farko, ya riƙa dubawa wata-wata, ya kuma ajiye kwafe a ofis.

Maganar lodi ta na bukatar a daɗe a kanta, gama ita ce uwa. Mai jirgi ba mugu ba ne. Kowane mutum ɗaya da ya ƙara, kuɗin cefane ne. Fasinja kuma ba ya son jiran sawu na biyu, balle ranar kasuwa ko ranar kai amarya, ga babur, ga buhunan hatsi, ga akuya. Kowa na da hujja, jirgi kuwa sai nutsewa ya ke yi har ruwa ya kusa leɓensa, ƙaramar igiyar ruwa ko mutum ɗaya ya miƙe tsaye ta ishe shi. Turawan Ingila sun sha wannan a manyan jiragensu, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata, aka yi doka a 1876 cewa kowane jirgi a zana masa layi a jiki, in ruwa ya kai layin an daina lodi. Amma akwai abin lura. Da fari mai jirgi aka bar wa ya zaɓi inda zai sa layin, sabo da haka kowa ya sa nasa inda ya ga dama. Sai da aka yi shekara fiye da goma kafin hukuma ta karɓi aikin ƙayyade wurin. Ƙungiya ta ɗauki darasi daga nan. Dattawanta ne za su gwada kowane jirgi a ruwa marar zurfi, a gaban jama'a, su sa layin da jan fenti, mai jirgin na kallo. Amfanin layi shi ne ya na raba gardama. Ko tsohuwar da ba ta san ƙidaya ba ta na iya leƙawa ta ce ruwa ya rufe ja, ita ba za ta shiga ba.

Mai tsaron mashiga shi ne ya ke da aiki mafi wuya, don shi zai ce a'a. Wata rana wanda zai hana ƙanin matarsa ne, wata rana mai kuɗin gari ne, wata rana ma, a yi haƙuri, yaron Hakimi ne ya zo da saƙon gaggawa. In aka karya maganarsa sau ɗaya a gaban mutane, an gama da shi, an gama da ƙungiya. Babu gudummawar da Hakimi zai bayar da ta kai a ji cewa nasa ma an sauke shi, ya kuwa ce daidai ne.

Lokatan da ba a shiga ruwa ma a yanke su tun wuri, kowa ya sani. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, watau NIWA, wadda babban ofishinta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto. Ƙungiya ta ƙara da abin da ta sani na wurinta. Hadarin farkon damina daga gabas ya ke tasowa, yawanci da yamma, iska kuma ta kan riga ruwan sama isowa, sabo da haka in gabas ta yi baƙi ba a jiran ɗigon fari. Da hunturu hazo ya kan ɓoye gaɓa, ruwa kuma ya yi sanyin da zai kashe wa mai iyo jiki. Da bazara ruwa ya kan ja baya, kututturan itatuwan da madatsa ta cinye su matso kusa da sama, su ne masu fasa cikin jirgi. Wannan ne lokacin da ya kamata a kewaya a kafa musu alama da dogayen sanduna ko jarkoki.

Kuɗi kuwa, su ne su ka kashe ƙungiyoyi da yawa waɗanda ba na ruwa ba ma. A sa abin da kowa zai iya, mako-mako, kamar adashi. Ma'aji ba ya fid da ko kwabo sai da sanin mutum biyu, kuma a karanta lissafi da ƙarfi a kowane taro, ko da abin da ke cikin akwati bai taka kara ya karya ba. Abin da za a fara saya igiya ce doguwa, da fenti, da fitila, da rigunan ceto kaɗan-kaɗan, a fara da na yara. In gwamnati ko wani mai hali ya kawo riguna, a rubuta su a littafi da lamba, a rataye a mashiga. Rigar da ke kulle a ɗakin shugaba don kada ta yi datti ba ta ceci kowa ba. Kafin a samu, jarka marar komai mai murfi, an ɗaura mata igiya, ta na riƙe mutum a kan ruwa, kamar yadda gora ke riƙe masunci. Kuma a guji mai da ƙungiya reshen wata jam'iyyar siyasa, domin ranar da aka yi haka rabin matuƙa za su daina zuwa.

Akwai wata cuta ta aikin sa kai wadda ba a cika lura da ita ba. A kowace ƙungiya a kan sami mutum ɗaya mai himma, shi ne kiran taro, shi ne rubutu, shi ne bin bashi. Sauran su sakar masa. Bayan shekara biyu ya gaji, ko ya tafi cin rani, abu ya mutu. Maganinta a riƙa juya aiki, kowane mai muƙami ya kasance da saurayi a gefensa ya na koyo, a kuma sake zaɓe kowace shekara bayan kaka, ko da waɗanda ke kai za a mayar. Mutumin da ba a biyansa, godiya ce ladansa a duniya. In Hakimi ya ambaci sunan mai tsaron mashiga a gaban jama'a ranar hawan Salla, ya biya shi na shekara.

Samarin nan su ne kuma za a koya wa iyo da ceto, a wuri marar zurfi, ƙarƙashin masunta waɗanda su ka ƙware. A koya musu cewa wanda ke nutsewa ba a tarar sa gaba da gaba, don zai rungume mai ceton su tafi tare. A miƙa masa sanda, ko a jefa masa igiya ko jarka. In jirgin katako ya kife bai nutse ba, a riƙe shi, kada a sake shi a nufi gaɓar da ta fi yadda ido ya nuna nisa. Wanda aka tsamo ba ya numfashi kuma, akwai yadda a ke danna ƙirji da hura masa iska, ma'aikatan asibitin yanki su na iya nuna wa 'yan ƙungiya in Hakimi ya nema musu.

Abin da a ke roƙon kowane Malamin Hakimi wanda ƙasarsu ta taɓa ruwa ya fara da shi ƙarami ne. Ya bi Dagatai ya samo yawan jiragen da ke ƙasar, da mashigan da a ke fito, da ranakun kasuwar da lodi ya fi yawa, ya rubuta, ya kai gaban Hakimi. A yi wannan da rani, tun ruwa na ƙasa, domin taron fari da sa layin fenti su kammala kafin hadarin farko ya taso.