Gwajin Ƙarfin Ƙusoshin Rufi a Ramin Kwal

Babban abin da ke barazana ga ran mai haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa shi ne rufin da ke bisa kansa. An gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1909, kuma a zamanin da aka fara haƙarsa itatuwa ake kafawa su tokare dutse, kamar yadda gwafa ke ɗauke da rumfa. Daga baya ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya suka koma ga ƙusar rufi, watau rodin ƙarfe da ake cusawa cikin dutsen sama don ya ɗinke faifan dutse wuri guda.

Ga yadda ake kafa ta. Sai a huda rufi, a tura wata leda mai siffar gaɓar rake, wadda ke ɗauke da danƙo a ɓangare guda da maganin daskarar da shi a ɗaya ɓangaren. Injin ya murza ƙusar, ta fasa ledar, ta gauraya su biyun, nan da nan su sandare.

To, amma ido ba ya ganin abin da ya auku a ciki. Wani lokaci ledar kan naɗe ƙusar kamar safar hannu, ta raba danƙo da dutse. Idan murzawa ta gaza, danƙon ba zai haɗu ba. Idan kuwa ta wuce kima, sai a farfasa shi yana cikin daskarewa. Huda mai faɗi da yawa, ko dutse mai laka da ruwa ya jiƙa, su ma suna rage riƙo. Daga ƙasa kuwa, ƙusa mai kyau da maras kyau kamarsu ɗaya.

Saboda haka ne ake gwaji. Abin lura shi ne ba a gwada ƙusar da aka cika da danƙo daga sama har ƙasa, domin ƙarfen zai miƙe ya tsinke tun riƙon bai saki ba, a tashi ba a koyi kome ba. Maimakon haka, sai a liƙe santimita 30 kacal na ƙarshenta, kimanin ƙafa guda. Bayan danƙon ya ƙeƙashe, a ɗaura mata jak mai aiki da mai, a riƙa ja sannu a hankali, ana rubuta nauyin da aka sa da gwargwadon yadda ta zame, har ta saki. A raba nauyin da tsawon da aka liƙe, a sami ƙarfin riƙo.

Ana maimaita wannan a zurfi dabam-dabam, tun da faifan dutse ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ana sake shi duk sa'ad da dutse ya canza. Inda riƙo ya yi rauni, wajibi ne injiniya ya rage faɗin huda, ko ya sa ƙusa mai tsawo, ko ya ƙara tokari kafin a bar ma'aikata su shiga.