Inda Mota Ta Ke Tsayawa

   

Yau za mu yi tafiya tare. Ku da ku ke zaune a Yawunde kun saba da tudu, gama garin duk hawa da gangara ne. Amma akwai wani dutse a ƙasar nan wanda tuddan Yawunde ba su kai gwiwarsa ba, shi ne Dutsen Kamaru, wanda a ke kuma ce da shi Fako. Yana bakin teku, bisa garin Buya. Yawunde tana kamar mita 750 bisa teku, shi kuwa ya haura mita 4,000. Babu dutsen da ya kai shi tsawo a Kamaru, ko a Nijeriya, ko a Nijar, ko a dukan Afirka ta Yamma. Dutse ne mai aman wuta. A shekara ta 2009 gwamnati ta keɓe wajen kadada 58,000 na jikinsa, ta mai da su gandun ƙasa, domin a tsare itatuwa da namomin da ke ciki. Akwai giwaye, da birai iri iri, da wata irin fakara wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai can.

To, bari mu shiga mota. Daga tashar Mban mu kama hanyar Duwala, tafiyar kamar kilomita 240. Mu haye kogin Sanaga a Edeya, mu ratsa Duwala, mu haye gadar Wuri. Gaba kaɗan sai gadar Mungo, daga nan mun shiga ƙasar masu jin Ingilishi. Dama da hagu sai gonakin ayaba da na roba da na kwakwar manja, har Tiko, har Mutengene. Ƙasar wurin baƙa ce, tana da albarka ƙwarai, gama tokar dutsen ce ta zama taki. A Mutengene hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta hau zuwa Buya, ɗaya ta nufi Limbe.

Mu fara bin ta Limbe tukuna, domin akwai abin da mu ke so ku gani. Rairayin bakin teku a can baƙi ne wuluk, kamar an barbaɗa gawayi. In ka wuce garin ka nufi Idenau, kafin ka kai ƙauyen Bakingili, sai ka ga hanya ta yi baya ta kewaye wani tulin baƙin dutse wanda ya fi soro tsawo. Me ya kawo shi nan? Ran 28 ga Maris, 1999, dutsen ya tsage, narkakken dutse ya fito ja wur, ya yi ta gangarowa sannu sannu. Ya cinye kurmi, ya cinye gonakin kwakwa, cikin watan Afrilu ya hau kan kwalta ya rufe ta. An kwashe mutanen Bakingili. Saura kaɗan ya kai teku, sai ya tsaya, ya sandare. Ba wanda ya iya kawar da shi, hanya ce ta kauce masa. Matafiya su kan tsai da mota a nan, su hau kansa, su taɓa shi da hannu. Gani ya kori ji.

Ba wannan ne na fari ba, ba kuwa shi ne na ƙarshe ba. Ya yi aman wuta a 1909, sa'ad da Jamus su ke mulkin ƙasar. Tun 1901 sun mai da Buya babban birninsu saboda sanyinta, amma da ƙasa ta yi ta girgiza, sai suka kwashe suka gangara Duwala. Gidan da aka gina wa gwamnansu yana nan tsaye a Buya har yau. Dutsen ya sāke yi a 1922, narkakken dutse ya kai har cikin teku. Ya yi a 1954, da 1959, da 1982, da 1999, da 2000. Wanda ya gan shi da safe, shiru, girgije ya naɗa masa rawani, sai ya ce barci ya ke yi. Amma wuta tana ciki.

Yanzu mu komo Mutengene mu hau Buya. Direba, ga taka maganar. Hanyan nan hawa ce mai tsawo. Kafin ka hau, ka duba ruwan lagireto. Ran da za ka sauko kuwa, kada ka dogara ga birki kaɗai. Ka sa mota a ƙaramar giya, inji ya riƙe ta. Gama in ka yi ta taka birki tun daga sama, sai ya yi zafi, in ya yi zafi kuwa ya kan ƙi kamawa a daidai inda ka ke bukatarsa. Sauka ta fi hawa hatsari.

A Buya kwalta ta kan kai ka har gefen gari na sama. Akwai wata mugunyar hanya wadda motoci masu ƙarfi su kan bi su hau wani sashi na dutsen. Amma ku ji wannan da kyau: babu motar da ta ke kai mutum ƙololuwa. Ko ta miliyan nawa ce, akwai inda za ta tsaya. A nan mai mota zai fito, ya rufe ƙofa, ya sa mabuɗi a aljihu. Daga nan shi da yaronsa ɗaya su ke, kowa ƙafa biyu gare shi.

A wurin nan kuma a ke neman abu guda ga kowane baƙo, ya tafi ofishin gandu ya rubuta sunansa, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da jagora. Jagororin nan yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan gindin dutsen ne, mutanen Bakweri. Waɗansu dā maharba ne. Sun san kowace turba, sun san inda ruwa ya ke, sun san halin girgije.

Wani zai ce, "Ina ruwana da jagora? Ga dutse ina ganinsa da idona. In na miƙe sama, ai na kai." Ɗan'uwana, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari mu gaya maka abin da ke gabanka.

Da fari za ka shiga kurmi mai duhu da laima da santsi, har ka kai zango na ɗaya. Bayan wannan itatuwa su kan ƙare, sai ciyawa da baƙin dutse mai kaifi, da hawa mai tsayi wanda ya kan sa mutum rarrafe. Zango na biyu yana wajen mita 2,800, nan a kan kwana. Zango na uku yana kusa da ƙololuwa. A hanyan nan abu huɗu su ke jiran baƙo.

Na ɗaya, sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi ya kan ragu da kamar digiri 6. Ka bar Tiko kana zufa, amma a can sama da asuba ruwa ya kan kusa daskarewa, ga iska ba abin da ya tare ta. Hunturun Kano wasa ne. Wanda ya hau da 'yar shara da silifa ya cuci kansa.

Na biyu, ƙishi. Abin mamaki ne, gama a gindin dutsen nan akwai Debunsha, inda ruwan sama ya kan kai wajen milimita 10,000 a shekara, wuri kaɗan ne a duniya ya fi shi. Duk da haka a sama ruwan sha wuya gare shi. Dutsen da wuta ta toya huji huji ne kamar soso, ruwa yana sauka yana shigewa. Sai ka ɗauki ruwanka, ko kuwa ka bi wanda ya san inda maɓuɓɓuga ta ke.

Na uku, ƙarancin iska. A ƙololuwa, numfashi guda ba ya ba jikinka sai kamar kashi 6 cikin 10 na abin da ya ke ba ka a Duwala. Kai ya kan yi ciwo, zuciya ta tashi, ƙafa ta yi nauyi. Ciwon nan ba ya duban ƙarfi, ya kan kama saurayi ya bar tsoho. In ya tsananta, maganinsa ɗaya ne, sauka.

Na huɗu, girgije. Kana tafiya rana tsaka, gari garau, kafin ka ɗaure igiyar takalmi sai fari ya rufe ko'ina, ba ka ganin wanda ke gabanka. Turba ta ɓace, dutse duka kama ɗaya. A nan ne mai ido ya ke zama makaho.

Bari mu yi misali. Ga 'yan kasuwa biyu sun zo hawa. Na fari attajiri ne, ya saba ya yi magana a bi. Sun wuce zango na biyu, kansa yana sarawa, yana tangaɗi. Jagora ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "Maigida, mu koma." Ya ce, "Ni da na biya ka, kai za ka ba ni umarni? Na kashe kuɗin mota, na rufe rumfa kwana uku, in koma Birkitiri in ce ban kai ba?" Na biyu shi ma ya gaji, shi ma ya ji zafin kuɗinsa, amma ya ce, "To, ɗan'uwa, kai ka sani. Mu koma." Mai sauraro, wanne ne cikinsu mai hankali? Na biyun ya sauka da 'yar kunya, ya ci tuwo a gidansa, baɗi ya komo ya kai. Na farin kuwa ya sa ransa a caca domin kada a yi masa dariya a majalisa. Ba shi kaɗai ba, ya sa ran jagora, gama jagora ba ya barin baƙonsa, ya sa kuma abincin 'ya'yansa da ke jiransa a gida.

Watakila kun ji labarin tseren da a ke yi a dutsen nan, wanda aka fara a 1973. Masu gudu su kan tashi daga Buya su kai ƙololuwa su komo, kamar kilomita 38, gwanayensu cikin sa'a 5 ko ƙasa da haka. Wata mace, Sarah Etonge, ta ci tseren mata sau 7, har aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Dutse. Kada wannan ya ruɗe ka. Ita a gindinsa ta ke zaune, ta yi shekaru tana hawansa. Kai baƙo, kwana biyu ko uku za ka yi, da rani kuma, tsakanin Nuwamba da Maris. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma tambayar da za ka yi tun kana gida. Tun daga 2016 yankin nan na masu jin Ingilishi ya shiga rikici, daga baya har da bindiga, an sha rufe kasuwanni da hanyoyi ran Litinin. Kada ka ɗauki iyalinka ka kama hanya sai ka tambayi direbobin da ke binta kullum, da 'yan'uwa mazauna can. Matambayi ba ya ɓata.

Jama'a, wannan ba sabon abu ba ne a gare mu. Ta ina kakanninmu suka zo ƙasar nan? Fatake ne, suka biyo ta Adamawa, ta Ngaundere da Tibati da Yoko, da kaya a ka, da jakuna. Ayari ba ya tashi sai da madugu, ba ya tafiya sai da jagaba. In madugu ya ce a sauka, sai a sauka, ko da rana ba ta yi ba. Mai kaya goma da mai kaya ɗaya duk su kan ji. Ba domin ba su da zuciya ba ne, sun dai sani wanda ya san hanya ya fi mai ƙarfi. Da haka suka kai, da haka mu ke zaune a nan yau.

Mu kuwa mota ta saba mana da sauri. Mun saba mu biya a kai mu. Har mu kan yi tsammani babu inda kuɗi ba ya kai mutum. Dutsen nan yana koya mana, akwai inda mota ta ke tsayawa. A zaman duniya ma haka ne. Ran da ciwo ya kwantar da kai, ran da bashi ya hau kanka, ran da fushi ya rufe maka ido kamar girgije har kana shirin sakin matarka ko rabuwa da ɗan'uwanka, abin da ka tara ba zai nuna maka turba ba.

To, ya kai mai sauraro, ga tambaya za mu bar maka. Wane ne ya ke iya ce maka, "Mu koma," ka kuwa ji? Kana da irin wannan mutum? Ko ka kore su duka, saura masu ce maka, "Ranka ya daɗe, daidai ne"? In akwai wanda ya gaya maka gaskiya ka yi fushi da shi, ko uwarka ce, ko matarka, ko tsohon maigidanka, ko yaron rumfarka ma, kada ka bari ranan nan ta faɗi ba ka neme shi ba. Komowa ba kāsawa ba ce. Wanda ya juya da ƙafarsa ya fi wanda aka sauko da shi.

A nan za mu tsaya yau. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a kasuwarku. Sai mun sāke saduwa. Ku huta lafiya.