Hasashen na'ura: wa zai faɗa wa talaka dalili?

Ƴan kasuwa da ma'aikatan Malbaza,

Maganarmu ta yau a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa ce, wadda ake ɗura wa labarin dubban mutane, ta nazarci halayensu, sa'an nan ta yi hasashe a kan wanda ba ta taɓa gani ba: wane zai biya bashi, wane matalauci ne. Kada ku ce abin Turai ne. A ƙarshen 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Togo ta yi aiki da ita wajen zaɓen mutanen karkara da za a ba tallafin Novissi. Hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna yankunan da talauci ya fi tsanani, na'ura kuma ta duba yadda mutum ke amfani da salularsa: kira nawa, a wane lokaci, kuɗi nawa ke shiga ta waya. Agaji ya kai ga mabuƙata da yawa, babu musu. To, wanda aka tsallake fa, wa zai gaya masa dalili? Wanda ba shi da salula kuwa, na'urar ba ta ma san da zamansa ba.

Dillalin albasa a Galmi, idan ka matsa masa a kan farashin buhu, zai warware maka shi: wannan na manomi, wannan na mota zuwa Abijan, wannan na duwan, wannan la'ada. A wurin warwarar nan ake kama mai ha'inci. Masana sun ƙago wa na'ura irinta. Dabarar SHAP, wadda ta fito daga jami'ar Washintan ta Amurka a 2017, tana rarraba hukuncin kashi-kashi, ta nuna nauyin da kowane abu ya ɗauka a ciki. Sai dai ku lura, tana nuna abin da na'ura ta auna ne kawai, ba ta shaida cewa awon daidai ne ba.

Ku ma'aikata, ku za ku tsaya gaban jama'a ranar da irin wannan jerin sunaye ya sauko daga Yamai. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, saboda haka kuna da madogara. Kafin ranar ta zo, ku nemi a rubuta muku da Hausa abin da aka auna, da sau nawa hasashen ya kuskure a wurin gwaji, da ofishin da talakan Dogerawa ko na Illela zai kai kuka, a sa mutum mai suna ya sake duba takardarsa.