Ladanin da Ba Ya Ganin Alfijir

   

Duk mai sahur a watan nan kunnensa yana wajen ladani. A Madina, zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ladanai biyu ne. Bilalu yana kira da sauran dare. Kiran da ake ajiye ƙwarya saboda shi kuwa na Abdullahi ɗan Ummu Maktum ne, alhali shi makaho ne, ba ya kira sai masu ido sun sanar da shi alfijir ya keto. Ku dubi wannan tsari, jama'a. An ba shi aikin da muryarsa take iyawa, masu ido kuma suka ɗauki nasu rabon, azumin gari guda ya tsaya a kansu tare. Shi ne kuma wanda farkon Suratu Abasa ya sauka saboda shi, ranar da ya zo neman ilimi Manzo yana fama da manyan Ƙuraishawa, Allah Ya nuna cewa mai neman ilimi shi ya fi cancanta a fuskanta.

To mu, ina namu yaran? Wanda sanƙarau ya tafi da jinsa, da wadda ƙyanda ko amodari ya lalata wa ido, da wanda shan inna ya riƙe wa ƙafa, mun san inda muke ganinsu: ƙofar masallaci, bakin kasuwa, tasha. Muna jefa dala biyar a kwano mu wuce, muna jin mun sauke nauyi. Sadakar tana da lada, amma haƙƙin yaron na karatu yana nan a wuyanmu, kuma kowa da kasonsa.

Kaso na farko na iyaye ne. Malam, yaron da kake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki don kunyar baƙi amana ne kamar sauran ƴaƴanka. Ka kama hannunsa ka kai shi a rubuta sunansa a lakwal. Ke kuma uwa, in kin lura jaririnki ba ya waiwayowa in an kira shi, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ki kai shi gidan likita da wuri, domin jinkiri yakan mai da ciwo mai magani naƙasa ta dindindin. Mu kuma tuna da yarinyar da aka mayar ƴar jagora. Idonta lafiya lau, amma ita ma bara ta cinye mata karatu.

Kaso na biyu na malamai ne, na boko da na allo. Mushe, abin da ake nema gare ka da yawansa ba ya cin ko dala. Mai raunin ji ka zaunar da shi a bencin gaba, ka fuskance shi in kana magana don ya ga bakinka. Mai raunin gani da zabiya ka matso da su kusa da babban allo, ka ƙara girman rubutu, ka faɗi da baki abin da kake rubutawa. Mai nauyin fahimta ka ƙara masa lokaci, bulala ba ta buɗe ƙwaƙwalwa. In farfaɗiya ta kayar da yaro, ka kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa komai a baki, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe, ka kuma gaya wa aji cewa ba a ɗaukarta. Alaramma, kai ka fi kowa sanin cewa Imamu Shaɗibi, mai littafin ƙira'o'i, makaho ne, kuma A'araju da sunansa yake yawan zuwa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, laƙabin nasa gurgu yake nufi. Da malamansu sun kore su, da wa ya yi hasara?

Kaso na uku na darakta ne da kwamitin kula da makaranta, wanda muka sani da COGES, da ƙungiyar uwaye mata. Ku zagaya makarantarku da idon mai keken guragu. Matakala uku a ƙofar aji katanga ce a wurinsa. Makewayin da ƙofarsa ta yi ƙunci kan sa yarinya ta daina zuwa ba ta gaya wa kowa dalili ba. Buhun siminti da magini ɗaya sun isa a yi gangare. Ku kuma hana kiran yaro da sunan lalurarsa, domin baƙar magana ta fi matakala korar yara.

Kaso na huɗu na hukuma ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, sashe na 24 na yarjejeniyar kuwa ya wajabta a buɗe musu makarantun da kowa yake shiga. Akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane a Yamai, inda ake koyar da rubutun Braille, mai ɗigo shida da ake karantawa da yatsa. Amma manomin karkarar Tasawa ko Madawa da wuya ya iya tura ɗansa Yamai. Don haka muna kira ga ma'aikatar ilimi ta koya wa malamai wannan rubutu da maganar hannu ta kurame tun suna makarantar horon malamai, magadan gari su sa gangare da makewayi mai faɗi cikin kowane sabon gini, sarakuna da masu unguwanni su san yawan yaran da suke zaune a gida.

Kaso na ƙarshe namu ne, mu masu wa'azi da limamai da masu hali. Mu faɗa a kan mumbari cewa naƙasa jarrabawa ce, ba alamar fushin Allah a kan wani gida ba. Alhaji, cikin abin da ka ware na watan nan, ka sayi keke ko tabarau ko littattafai ga yaro guda, ka bi sawun karatunsa har ƙarshen shekara. Ku kuma ƴan makaranta, wanda ya tura keken abokinsa cikin rairayi, ko ya karanta masa darasi, ya yi aikin waɗanda suke sanar da ɗan Ummu Maktum fitowar alfijir. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke roƙo kafin Sallah kaɗan ne. Kowane mai sauraro ya tuna yaro ɗaya mai naƙasa a unguwarsu wanda ba ya zuwa makaranta, ya je ya gai da iyayensa bayan shan ruwa, ya tambaye su cikin ladabi me ya hana. Amsar da za su bayar ita za ta nuna ƙofar wa za a ƙwanƙwasa gobe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cikin bayinsa da ake ƴantawa a wannan wata. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.