Mace a Kujerar Shari'a: Jawabin Ranar Taron Tsofaffin Ɗalibai

Mai girma Shugaban wannan taro, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa Daudawa.

Da yake na yi shekaru ina aikin magatakarda a kotu, aka ɗora mini nauyin in yi magana a kan yadda mata suka sami damar zama cikin masu yanke hukunci. Zan faro daga nesa, amma a gida zan sauka.

A Ingila da Amurka akwai wani tsari da ake kira juri. Idan za a yi shari'ar babban laifi, sai a zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari, manomi ne ko ɗan kasuwa, su saurari shaidu, su faɗi ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Ɗaruruwan shekaru maza zalla ake zaɓa. A Ingila sai a 1919 aka yi dokar da ta buɗe wa mata wannan ƙofa, suka fara zama a 1920. Duk da haka ba su da yawa, domin an gindaya sharaɗin mallakar gida, kuma galibin gidaje da sunan maza suke. Sai a 1974 aka koma ɗibar sunaye daga rijistar masu jefa ƙuri'a. A Amurka kuwa, yankin Wayomin ya gwada tun 1870, amma jihar Misisifi ba ta amince ba sai 1968. A 1975 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa jurin da aka tsara shi don a bar mata a waje ya saɓa wa tsarin mulki.

To, jama'a, mu a Nijeriya ba a shari'a da juri. Alƙali ne ke sauraro, shi ne ke yankewa. Saboda haka ƙofar da matanmu suka bi daban take, kuma ta fi tsawo.

Da farko sai da aka yi fafutikar a san da su a harkar mulki. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, namu na Arewa ba su jefa ba. Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan NEPU, ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 iyayenmu mata suka fara jefa ƙuri'a.

Ita kuwa kujerar alƙalanci, biro da takarda ne suka kai su. Ku dubi Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta yi karatu a Wusasa ta Zariya. Ta zama lauya a Ingila a 1966, mace ta farko daga Arewa. Ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Jihar Kano a 1977, ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005, sannan a 2012 ta zama Babbar Jojin Nijeriya, har ta yi ritaya a 2014. A shekarar kuma Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta zama Shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta riƙe har 2020.

Wani zai ce, mene ne amfanin wannan a gare mu? Na taɓa ganin wata yarinya da aka ci wa mutunci ta tsaya gaban kotu cike da maza. Kunya ta ɗaure mata baki, ta kasa faɗin abin da aka yi mata, shari'ar ta lalace. Har yau ina tunanin da mace ce a kan kujerar, wataƙila da ta yi magana.

Yanzu mu yi lissafi irin na Malamin Lissafinmu. Tsarin mulkin 1999 ya ce ba a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu sai ya shekara 10 da zama lauya. Kafin nan akwai shekara 3 na babbar sakandare, 5 a jami'a, 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi. Jimla 19. Ashe yarinyar da aka cire daga aji uku bana, alƙaliyar da za mu nema nan da shekara 19 ce muka rasa.

Na san halin da muke ciki. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, hankalin iyaye a Faskari da Sabuwa da kewaye ya tashi, kuma idan tsoro ya zo, 'ya mace ake fara mayarwa gida. Ba na ganin laifin kowa, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu ta buɗe asusu, kowane aji da ya fita ya ɗauki nauyin yarinya ɗaya har ta gama sakandare. 'Yan ajinmu sun tuna wadda take zuwa ta ɗaya kullum, aka cire ta muna aji uku. Wancan karon yara ne mu, ba mu da ta cewa. Yau muna da ita.