Zarto Da Gizago: Jawabi Ga 'Yan Uwanmu Mazauna Birni



Kowa ya san halin da ƙasarmu take ciki daga Dambatta zuwa Bichi. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Yaro ya gama girbi, sai rani ya same shi hannu rabbana. Da ya tafi birni yin acaɓa, to tun 2013 aka hana ta a Kano. Shi ya sa muka zo muku da maganar aikin katako.

An taɓa gwadawa. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an kawo wa makarantu injuna daga ƙasashen waje. Mu da muke cikin aikin koyarwa mun ga yadda da yawansu suka yi tsatsa cikin akwati, domin babu wutar lantarki. Gizago kuwa bai taɓa jiran wuta ba.

Mai farawa ba ya bukatar kaya masu yawa: zarto, guduma, gizago, abin awo da dutsen wasa. Ya fara koyon wasa ƙarfensa kafin ya taɓa ice, domin dakusasshen ƙarfe shi ya fi yanka mai shi. Daga nan sai ƙotar fartanya, sai allo, sai kujerar tsugunno. Tebur da ƙofa sa zo daga baya. Sannan ya san icensa. Masassaƙanmu na dauri ƙirya suke nema domin turmi da taɓarya saboda taurinta, aduwa kuma domin allo. Ƙirya ta yi wuya yanzu, saboda haka a koya da darbejiya, wadda ke tohowa in an sare ta. Ɗanyen ice kuwa sai an shanya shi a inuwa, in ba haka ba ya tsage. Gawo dai a bar wa gona abinta.

Roƙonmu gare ku shi ne kowane reshe na ƙungiya ya ɗauki nauyin yara biyu, ya saya musu kayan aiki, ya damƙa su ga kafinta ko masassaƙin da ke garinmu. Wanda ke da takardar sakandare, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Bichi. Kuma bencinan firamarenmu, inda ɗalibai ke zaune a ƙasa, a sayo katako a Na'ibawa a ba yaran nan su haɗa a gida.

Sakatare yana riƙe da takardar alkawari a bakin ƙofa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.