Ƙwayoyi Masu Cin Dauɗa da Rijiyoyin Birnin Zazzau



Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya ratsa unguwanni, zai ga kududdufai nan da can, waɗanda kakanninmu suka haƙa don ɗiban ƙasar gini. A yau su ne matattarar ruwan kwata da shara da baƙin man da makanikai da masu injin niƙa ke zubarwa. Ga shi kuwa ba su da nisa da rijiyoyin gidaje. Da damina ta kankama, abin da aka zubar a sama sai ya riƙa tsiyaya sannu a hankali har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da wannan ruwa muke alwala, da shi ake dama wa yara koko.

To, a cikin ƙasar nan da muke takawa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Wasunsu man fetur ne abincinsu: sukan narkar da shi, ya koma ruwa da iska. Kada a ɗauka baƙi ne a gare mu. Marinin da ya zuba baba da toka a rijiyar rini ya jira kwanaki har ta nuna, su ne suka yi masa aikin, ko da bai san sunansu ba.

Abin da suke bukata bai fi ƙarfin talaka ba: iska, da laima, da taki. A 1989, sa'ad da jirgin ruwan nan Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska ta Amurka, taki aka barbaɗa a bakin teku don ƙwayoyin wurin su yawaita su cinye man. Haka nan filin makanikai a birninmu: a kafce ƙasar da ta sha mai, a gauraya ta da kashin kaji ko na shanu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin watanni sai man ya ragu.

Amma idan dauɗa ta riga ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, aiki ya yi wuya, domin can iska ta yi ƙaranci, sai an haƙa ramuka an hura ta da inji. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ƙiyasta cewa gyaran ɓarnar mai a can zai ci shekara 25 zuwa 30.

Akwai kuma abin da ya gagari ƙwayoyin nan ɗungum, wato ƙarfe mai guba irin su dalma. Ba sa iya narkar da ita. A Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Saboda haka mai fasa tsohon batirin mota a bakin kududdufi ya fi mai zubar da baƙin mai ba mu tsoro.

Roƙonmu ga malaman kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne su tura mu cikin ganuwa mu ɗebo ruwan rijiyoyi, unguwa-unguwa, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, a auna a Samaru, a kuma kai wa masu unguwanni sakamakon da Hausa.